Zaren Hagu a Likkafanin Kaka

Ni bahaguwa ce. Haka aka haife ni, haka za a binne ni. Ban yi boko ba, doguwar magana kuma ba ta cikin abin da na gada. Abin da na iya shi ne kaɗi. Shi ɗin ma na daɗe da jingine shi, tun da auduga ta daina shigowa gari, masu son zaren hannu kuma wasu suka mutu, wasu suka watse. Ba don wata ƙara da na ji ba, da wannan zance ya bi ni kabari. Ina cikin keke a unguwar Bolori, za ni gaisuwar mutuwa, sai na jiyo ta daga gindin wata darbejiya: ƙwas, kaf, ƙwas, kaf. Ƙoshiyar masaƙi ce ke wucewa, masefi na bin ta da duka. Na ce wa mai keke ya tsaya. Ya ce, "Hajiya, ai ba mu iso ba." Na ce, "Ni na iso."

Zan dawo kan mai saƙar. Sai na fara da Kaka, don in ba ita babu labari.

A unguwar Mafoni na tashi, a hannunta. Uwar ubana ce. Uwata ta rasu ban san fuskarta ba. Kaka Babarbariya ce daga wani ƙauye can gabas, cikin ƙasar firgi, baƙar laka mai darewa da rani. Wani falke Bakano ya auro ta ya kawo ta Yerwa, ya mutu ya bar ta da 'ya'ya, da taurin kai, da Hausar da ba ta taɓa miƙewa a bakinta ba.

A wancan zamani kana iya sanin lokaci a unguwarmu ba ka ɗaga kai ka dubi rana ba. Da sassafe turmi. Da hantsi magurji, ƙarfe na murza auduga a kan dutse, gurya na faɗawa cikin ƙwarya ɗaya-ɗaya. Bayansa bakan shiɓa, tin, tin, tin, auduga na tashi kamar kumfa tana maƙale wa mutum a gira. In an yi azahar mata su shimfiɗa tabarmi a inuwa, kowace da taskirarta, ta dangwali alli a yatsa, ta murza mazari. Mazari goma in suna juyawa tare sai ka ce ƙudan zuma ne suka sami fure. Ba mai sauri. Dunƙule ɗaya na zare mai kyau yana cin kwanaki, ba wadda ta taɓa cewa ya daɗe. Kaka takan ce, "Mai gaggawa ya je kanti." Yanzu kowa ya je. Abin da nake ji daga ɗakina shi ne janareto, da hon ɗin keke, da waya na kuka a hannun kowa. Laffaya ta cika kasuwa launi-launi, mace ta ɗaura Sallah ɗaya ta koɗe. Ban ce zamanin da ya fi na yanzu ba. Mun sha yunwa, mun sha ƙyanda, mun binne yara. Na dai ce a lokacin mun san hannun da ya yi abin da ke jikinmu.

Hannuna shi ne damuwar Kaka. Ta ce hagu hannun buta ne, ba a ci da shi, ba a miƙa wa babba abu da shi, ba a kaɗi da shi. Tana da wani baƙin tsumma da take ɗaure mini hannun a ƙugu. Ci na koya da dama, don yunwa malama ce. Miƙa kaya ma na koya, don ranƙwashi ba ya maimaita darasi. Kaɗi ya ƙi. In na murza mazari da dama sai ya yi ta tangaɗi kamar maraƙin da aka haifa yau. Zaren ya fito, nan kauri kamar igiyar guga, can siriri kamar yanar gizo. Kaka ta ja shi ya tsinke, ta ce, "Wannan ko akuya aka ɗaure da shi sai ta kai ƙara wajen Bulama mai unguwa." Mata su yi ta dariya. Daga ƙarshe ta cire ni daga kaɗi. Ta bar mini gurza, da shiɓa, da naɗe zaren da ta gama ya zama dunƙule. Aikin marasa hannu ke nan.

Na tsinci wani tsohon mazari da aka yar, gululun da ke gindinsa ya tsage. Na liƙe shi da ƙaro, na ɓoye a bayan randa. In Kaka ta kwanta ƙailula sai in zame bayan ɗakin girki, in tsuguna, in murza da hagu. Ranar farko da na gwada, mazarin ya tsaya cak a kan ƙafarsa yana waƙa. Zaren ya riƙa fitowa sumul, kamar da ma yana cikin audugar yana jirana. Ba wanda na gaya wa. Wa zan gaya wa?

Matan zamanin Kaka suna da wata al'ada. Mace mai mutunta kanta ita ke kaɗa zaren likkafaninta, ta kai a saƙa, ta ninke, ta ajiye a ƙasan adaka da ɗan turaren wuta. Ba abin tsoro ba ne a wurinsu, kamar tanadin hatsi ne. Alawayyo ya riga ya shigo kanti, fari tas, ga sauƙin samu, mutane da yawa sun koma kansa. Kaka ta ce ita a'a. "Ban san hannun da ya yi shi ba. Ba zan kwanta da baƙo har tashin ƙiyama ba." Ta ware tukunya guda, ta zaɓi audugar da ta fi kowace laushi, ba ta taɓa wannan kaɗin sai da safe, da alwala. Ta yi damina biyu a kai. A ta uku zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta tashi, amma hannunta bai tashi duka ba, rawa yake, ga yanar ido ta fara rage mata gani. Abin da take kaɗawa a kwana uku ya koma sai mako biyu. Wata rana na ji tana ce wa maƙwabciyarmu, murya ƙasa-ƙasa, "Ina jin alawayyon nan zai ci ni da yaƙi." Ban taɓa jin ta sare ba sai ranar.

To, ni ke naɗe zare, ni ke zuba shi a tukunya. Na fara gutsurar audugar nan tata ina kaiwa bayan ɗakin girki. In na jefa dunƙulenta uku, in jefa nawa ɗaya. Har alwala nake yi, don kada a ce na rage wani abu. Kaka kan zura hannu a tukunyar ta lalluba. Daga baya ta fara murmushi. Ta ce wa matan unguwa, "Kun ce na ƙare? Albarka ta sauka a tukunyata. Ina kaɗa kaɗan, ina tarar da yawa." Wata Juma'a ta sa aka toya waina ta raba sadaka, godiya ga Allah. Ni ma aka ba ni. Na ci.

Abin da ban sani ba, hannu yana barin alamarsa a zare. Dama tana murɗa shi ta wannan gefe, hagu ta wancan. A dunƙule ido ba ya gani. Ban taɓa ganin wata bahaguwa tana kaɗi ba, balle in tambaya.

Da ruwa ya ɗauke, tukunya ta cika, Kaka ta ce mu shirya. Akwai masaƙa a Yerwa, amma ta ce sun fara cusa zaren kanti a cikin na mutane. Mutum ɗaya ta yarda da shi, taubashinta, ɗan kawunta, yana can ƙauyensu. Ita ce tafiyata ta farko. Muka juye zaren a babbar ƙwarya, muka ɗaure da zane, aka ɗora mini a ka. Muka hau bayan wata tsohuwar gingimari a kan buhunan gishiri. Motar nan rabin hanya ita ta ɗauke mu, rabi mu muka ɗauke ta. In ta kafe a yashi maza su sauka su tura, mata su nemi inuwa. Kaka sai ta buɗe taskira ta hau kaɗi, hannu na rawa, ko a jikinta. Muka sauka a wani gari mai kasuwa, muka jira kwana biyu kasuwa ta ci, don mu bi matan Shuwa masu komawa gida da takarkarai. A gidan wata mata muka sauka wadda ba ta san mu ba. Ba ta tambaye mu daga ina ba sai da muka sha ruwa, muka ci burabisko. Haka ake yi a lokacin. Kaka ta kaɗa mata audugarta a kwana biyun nan, godiyar ke nan.

Washegarin kasuwa aka ɗora Kaka a kan takarkari, ni ina bi a ƙasa. Ban taɓa ganin fili irin wannan ba. Ƙasa baƙa, ta dare gida-gida, ƙafa na iya shigewa cikin tsagar. Ba dutse, ba tudu, sama ta sauko ta zauna a kan ƙasa ta kowane gefe. Ga masakwa, dawar rani, kore shar, ba ruwan sama, ba ban-ruwa, tana shan abin da ƙasa ta ɓoye tun damina. Gauraka na yawo a cikinta suna taƙama kamar su suka dasa. Matan Shuwa na waƙa da harshensu, man shanu na ƙamshi a kitsonsu, suka ba ni nono a ƙoƙo na sha har cikina ya yi ƙara. Duk wannan daɗin, ƙwaryar da ke kaina nauyi take ƙarawa. Ba don na san za a gane ba. Don dai na san abin da ke ciki. Yau an ce tafiyar nan ba ta wuce awa biyu a mota. An kuma yi shekarun da ko tsuntsu sai ya yi shawara kafin ya bi ta. Mu mun yi ta a kwana biyar, ba mu ji tsoron komai ba sai kunama.

Mun tarar da masaƙin a gindin tsamiya, zarensa ya miƙe gaba mai nisa, an ɗaure bakinsa da dutsen da suke kira kunkuru, don a hankali yake jawowa. Tsoho ne siriri, haƙori biyu a gaba. Da ya ga Kaka bai ko tashi ba.

"Lale, lale! Ashe ba ki mutu ba? Ni har na gama cin gumbar sadakarki a raina."

"In mutu in bar ka kana cutar bayin Allah da saƙar da ta fi rariya huji? Sai na ga bayanka."

"To me kika kawo? Wannan fero fa, 'yar yarinyar nan, ta wa ce?"

"Jikata ce. Bahaguwa ce, ba ta da amfani sai dako. Ke, sauke. Likkafanina na kawo. Da hannunka za ka saƙa shi, kada ka ba wani ya koyi aiki a kaina."

"Likkafaninki? Da kin aiko tun bara ai da na zo na karɓa da kaina, don murna."

Washegari ya yi wadari, yana jan zaren tsaye tsakanin turaku, yana kai da kawowa. Ina zaune ina kallo. Sai na ga ya tsaya. Ya kama wani zare ya murza a yatsa, ya kama na kusa da shi ya murza. Ya juyo ya dube ni, ya dubi hannuna. Sai ya ci gaba da aikinsa.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, ya aiko a kira mu. Kamu biyu kawai ya saƙa ya tsaya. Ya ɗaga sawun, wato siririn ƙyallen da ke fita daga masaƙa, ya karkata shi wajen rana. Fari ne duka, amma ba fari ɗaya ba. Wasu layuka sun bi tsawonsa suna ɗaukar haske daban, kamar inda iska ta shafi ruwa. In ka dube shi kai tsaye ba komai. In ka karkata su fito.

Ya ce wa Kaka, "Matso da idon naki na mujiya. Me kika gani?"

Ta kai shi dab da hancinta. Ta daɗe. Ta shafa.

"Me ka zuba mini a ciki?"

"Ni? Abin da kika kawo na saƙa. Zarenki hannu biyu ne." Ya tsinko guntaye biyu ya warware a gabanta, ɗaya ya buɗe ta nan, ɗaya ta can. "Wannan dama. Wannan hagu. Zare ba ya ɓoye uwarsa."

Kaka ba ta juyo ba.

"Ke."

"Na'am."

"Nawa ne naki?"

"Ɗaya cikin huɗu."

"Wainar da na raba fa?"

"Na ci biyu."

Masaƙi ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Kaka ba ta yi ba. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce ya kwance, ya tsince nawa ya zubar, ya saƙa nata zalla. Ya daina dariya. Ya ce zai iya, amma abin da zai rage ba zai rufe ta ba. "Sai dai ki zaɓa, kai za a bari a waje ko ƙafafu." Ta ce to za ta koma ta kaɗa sauran. Ta faɗa tana kallon hannunta yana rawa a kan cinyarta. Mu uku mun san ba zai kai ta ba. Ta ce, "Damina uku. Na tsaya gaban mata na ce albarka ce. Yanzu da aikin hannun buta za a kai ni gaban Ubangijina?" Ta tashi ta shiga ɗaki, ta juya wa ƙofa baya. Ranar ba ta ci abinci ba. Ni ma na zauna a bakin ƙofar ban ci ba. Na yi don in raba ta da alawayyo, ga shi na tura ta cikinsa da hannuna.

Da gari ya waye masaƙi ya zo da shiɓaɓɓiyar auduga da mazari, ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya.

"Fito, gawa-ta-ƙi-rami! Matata ta ce wai kin fi ta kaɗi, na ce ƙarya ne. Zo ki yi in gani."

Ya san ta. Ta fito tana zaginsa, ta zauna, ta karɓa. Ta ɗaga audugar sama, ta murza mazari, zare ya fara sauka.

"Tsaya haka. Kada ki motsa. Audugar tana wane hannu?"

Kaka ta ɗaga ido ta dubi hannunta na sama.

"Tun kina fero kike kaɗi. Duk zaren da kika taɓa yi, ta hagunki ya biyo kafin ya ga mazari. Rigar mijinki, rawanin limaminku, duka. Ita kuwa wannan da kike zagi, da dama take riƙe auduga. In tsarki ake nema, nata ya fi naki."

Ta jefe shi da takalmi. "Ɗan banza. Da ma bakinka ya fi hannunka saƙa."

"Na ji. Ja wannan." Ya miƙa mata guntun zarena. Ta naɗa a yatsu ta ja. Ya shiga namanta, bai tsinke ba. Ta sake ja.

Sannan ta miƙo mini mazarin, ba ta dube ni ba. "Zauna. Yi da wanda kika saba."

Ban taɓa kaɗi ido na kaina ba. Matan gida sun fito sun tsaya. Na dangwali alli, na murza. Mazarin bai kunyata ni ba. Kaka ta matso ta kawo kunnenta kusa da shi, tana sauraro kamar mai jin numfashin jariri. Ta sa yatsu biyu, zaren na bi ta tsakaninsu. Ta nemi gargada, ba ta samu ba. Ta ce, "Hm." Iyakar yabon da ta taɓa yi mini ke nan, kuma ya ishe ni har yau. Ta juya wajen taubashinta. "Saƙa. Amma ka sake wadari, ka jera su da tsari, uku nawa, ɗaya nata. Kada ka watsa mini su kamar kashin awaki." Ta kwance bakin zanenta ta ciro baƙin tsumman nan, ashe har nan ta zo da shi. Ta jefa masa. "Ungo, goge masefinka." Ban yi kuka ba. Hancina ne ya yi ta zuba.

Mun yi kwana ashirin a ƙauyen, ba mai tambayar yaushe za mu tafi. Kullum ni da Kaka muna tabarma ɗaya muna kaɗi, mazarinta na juyawa gabas, nawa yamma. Da ya sauke aikin ya yanko ƙarshen sawun, kamar tafin hannu, ya ba ni. Ya ce, "Baɗi ki kawo mini naki daban. Ina so in ga yadda zai yi in ya sha rinin baba."

Na kai, ya jera shi da zaren dama na matan gidansa. Da aka rina, layukan suka fito sosai, shuɗi biyu a zane ɗaya, alhali rini ɗaya ya sha. Mutanen ƙauyen suka sa wa zanen suna bahaguwa. Daga nan na zama matafiya. Duk shekara in firgi ya bushe in ɗauki ƙwarya. Bayan tsohon, 'ya'yansa nake kai wa. Na je wajen Biu neman auduga, na shiga jirgin ƙasa har Kano don in ga marina da idona. Mijina mai haƙuri ne, yakan ce mazari ya aura, ba ya tsayuwa sai yana juyawa. Ban tara dukiya ba. Zane biyu ko uku a shekara, shi ke nan. Amma ban taɓa yin wanda na ji kunyar a ce nawa ne ba.

Kaka ta ƙi mutuwa da wuri, don ta ɓata wa taubashinta rai. Shi ya riga ta. Ta ga aurena, ta goya 'ya'yana biyu. Duk shekara in damina ta wuce sai ta fito da likkafanin ta shanya ya sha iska, matan Mafoni su zo kallo. Ta karkata musu shi a rana ta ce, "Ni da bahaguwata." Zancen waina kuwa ba ta yarda a tayar ba. Ranar da ta cika ni na ciro shi daga adaka. Ya rufe ta daga kai har ƙafa, har ya yi saura.

Sai shekarun nan suka zo. Ba zan ba da labarinsu ba, kowa a garin nan yana da nasa. Hanyoyi suka rufu. Ƙauyen ya tashi. Mijina ya fita bai dawo ba, ɗana na fari ma haka. Muka bar Mafoni muka koma Bolori, ni da matar ɗan nawa da 'ya'yanta. Danginta sun zo ɗaukarta, ta ce ba ta bari na ni kaɗai. Ɗinkin hula take yi, da shi muke ci. Na naɗe mazari da guntun sawun nan, na sa a ƙasan adaka. Na ce alawayyo ya ci yaƙi.

To, ranar da na sauka daga keke. Mutum ne mai furfura jefi-jefi, ya kafa masaƙarsa a gindin darbejiya, yana saƙa da zaren kanti mai ƙyalli. Na yi sallama na tsaya a kansa. Daga yadda yake jefa ƙoshiya na san gidan da ya koya.

Ya gaishe ni da Barbarci, "Wushe, Ya. Saye za ki yi?"

"Wannan ba zare ba ne, leda ce."

"Shi ake samu."

"Kakanka da ya ga wannan da ya tofa maka yawu. Mai haƙori biyu, na gindin tsamiya."

Ya saki ƙoshiya. Ya dube ni, ya dubi hannun da na riƙe bakin laffaya da shi. "La ilaha illallahu! Bahaguwar Yerwa! Ina yaro ke ke kawo mana alewa. Mun ɗauka kin mutu."

"Gidanku kullum haka kuke ɗauka."

Gaisuwar mutuwar sai washegari na je. Ya ba ni labari mutanensu sun fara komawa, suna noma kusa da gari, a fita da safe a dawo kafin la'asar. Ya ce wata gwaggonsa ranar gudu ta bar kwanukanta ta ƙulle gurya a bakin zane, kowa ya ce ta zautu. Irin nan ne yanzu ke tsaye a bayan gidajensu. Bayan mako uku ya aiko mini da rabin buhun auduga a keke. Na zura hannu ciki, na daɗe ban fitar ba.

Yanzu ina kaɗi. Hannun ya yi nauyi, amma bai manta ba. Na ware tukunya don likkafanina. Da safe nake yi, da alwala. Mai saƙar ya ce in ta cika shi zai saƙa, kuma ba a Bolori ba, a gindin tsamiyar kakansa, don tana nan, wuta ba ta ci ta ba. Ya ce zai kai ni a mota in an yi girbi. Na ce in dai ba za a yi gudu ba, ina so in ga masakwa. Matan layinmu sun fara leƙowa in sun ji bakan shiɓa. Biyu sun ce in koya musu. Na ce su zo, amma mai gaggawa ta je kanti.

Abu ɗaya ya dame ni, na kuma faɗa sau ɗaya a gaban surukata, ina shiɓa tana ɗinkin hularta. Na ce nawa ba zai yi layi ba. Hagu zalla fari ne kawai, sai an sami hannu biyu. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Allah ya ja kwana, Inna. Bar wannan zance."

Shekaranjiya da hantsi na zura hannu a tukunya ina lallubawa. Na ji wani dunƙule da ban san shi ba. Na fito da shi rana, na warware bakinsa. Hannun dama ne. Nan kauri, can siriri, ko akuya ba za ta yarda da shi ba. Na naɗa a yatsu na ja. Bai tsinke ba. Na mayar, na rufe tukunyar.

Surukata ta shigo da tsintsiya tana share inda ba datti.

"Inna, kamar zaren nan naki yana auki bana."

Na ce, "Albarka ce ta sauka. Ranar Alhamis ki jiƙa shinkafa, Juma'a za mu toya waina."